Babur Ya Fi Hanya Faɗi

GLAFIRA: Alo? Alo, Yaya Prokopi? Kana ji na?

PROKOPI: Wa ke nan? Glasha? Muryarki kamar daga cikin rijiya.

GLAFIRA: Ni ce. Na hau tudun bayan makaranta, nan kaɗai waya ke kamawa. Ina kwana?

PROKOPI: Lafiya lau. Ya sanyi?

GLAFIRA: Talatin da biyu ƙasa da sifili da safen nan. Ya naku a birni?

PROKOPI: Da sauƙi. Ya ƙauyen?

GLAFIRA: Yana nan inda ka bar shi. Ya Tamara? Ya gwiwar tata?

PROKOPI: Gwiwa ta warke, baki ne bai warke ba. Ya Mitrofan?

GLAFIRA: Mijin nawa yana daji, wajen tarkunansa. Sati uku ke nan.

PROKOPI: Saniya fa, ta haihu?

GLAFIRA: Tukuna. Ya jikokin?

PROKOPI: Suna nan suna cinye ni. Glasha, ba ki hau tudu cikin wannan sanyi don ki tambayi jikoki ba. Faɗi.

GLAFIRA: Yaya, kwana uku rabona da barcin kirki. Abinci ma sai dai in kalle shi. Senya ne.

PROKOPI: Na sani. Ɗan naki guda, ya isa goma. Ya yi wa wata ciki?

GLAFIRA: Da ma hakan ne, ai da na san abin yi. Babur ɗin ƙanƙara na ubansa ya taɓa.

PROKOPI: Ya yi me?

GLAFIRA: Ya taɓa shi! Ya kwance masa gaba. Ka san hannuwan ƙarfen nan da ke riƙe ƙafafun gaba, masu sulu a kan ƙanƙara, biyu-biyu kowane gefe?

PROKOPI: Shekara talatin ina gyaran inji, ni za ki koya wa? Me ya same su? Sun karye?

GLAFIRA: Lafiyarsu ƙalau! Wasu ya sayo ta waya. Ba na kamfanin babur ɗin ba ne, wasu ne can suke ƙerawa. Ja jawur, sai sheƙi. Motar wasiƙu ta kawo su ran Asabar, ya rungumi kwalin kamar an miƙa masa jariri.

PROKOPI: Mtsw. Masu tsawo, ko?

GLAFIRA: Ya ce sun fi na da da tafin hannu guda a kowane gefe. Wai babur zai buɗe ƙafa, ba zai ƙara kifewa a kwana ba. Wai haka masu tsere suke yi.

PROKOPI: Masu tsere! Shi da ko tseren keke bai taɓa ci ba. Wa ya ɗaura masa?

GLAFIRA: Shi da kansa. Da wani mai gemu a cikin waya yana nuna masa.

PROKOPI: Mai me?

GLAFIRA: Gemu! Gemu! Wani ƙato a garejin da ya fi kicin ɗina tsabta, yana murmushi, noti na kwancewa da kansa kamar an shafa man shanu. Shi kuwa namu, a rumfar saniya, ni ce mai riƙe fitila, yatsuna sun mutu. Kwana biyu, Yaya.

PROKOPI: Aikin awa uku.

GLAFIRA: Da farko ma na hagu ya sa a dama. Da ya sauke babur ɗin, ƙafafun suka kalli juna kamar mai gwame. Ni da ban wuce aji takwas ba na ce, Senya, wannan abu ba daidai yake ba. Ya ce, Mama, ke kula da tukunyarki.

PROKOPI: Ɗan banza. Sandunan sitiyari fa? In an ƙara hannu tsawo dole a ƙara su. In tsofaffin ya warware har suka kai, to zare uku ne ke riƙe da ransa.

GLAFIRA: Akwai wasu sanduna biyu dogaye da suka rage a kwali. Ya ce gyara ce aka yi masa.

PROKOPI: Gyara! Tumatir ya saya? Allah ka raba mu da jahili mai sifana!

GLAFIRA: Tsaya mana. Makwabcinmu Yevlampi ya leƙo neman gishiri, ya gani, ya yi dariya har ya zauna a kan bokiti. Shi ya tsare shi ya sa dogayen, ya auna bakin ƙafafun da igiya, ya ɗaure komai da hannunsa.

PROKOPI: To, in Yevlampi ya duba, ba zai kashe shi ba. Mashayi ne amma hannunsa bai taɓa ƙarya ba. Sauran me? Ki bar yaro ya yi ta yawo da jan ƙarfensa kamar zakara.

GLAFIRA: Yaron da ya shekara ashirin da bakwai. Yaya, ka manta Ƙofar Kaka?

PROKOPI: Wace ƙof... Kai! Itatuwan nan biyu?

GLAFIRA: Su fa. Waɗanda kakan Mitrofan ya sassaƙa wa shaidar gidansu. Hanyar farautarsu ta tsakaninsu ta bi. Hagu dutse, dama kwarin rafin nan da ba ya daskarewa ko sanyi ya kai hamsin. Babu kewayawa.

PROKOPI: Na tuna. Ranar da Mitrofan zai sayi babur ɗin, tare muka je kanti. Ya zaro igiya mai ƙulli biyu daga aljihu, ya gwada a gaban kowane babur. Mai kanti ya ɗauka mahaukaci ne.

GLAFIRA: Faɗin tsakanin itatuwan ne a jikin igiyar. Ya zaɓi wanda zai wuce da ragowar yatsa biyu. Yatsa biyu, Yaya! Shi kuma wannan ya ƙara tafin hannu biyu.

PROKOPI: Hahaha! Wayyo cikina! Bai auna ba?

GLAFIRA: Mai gemu bai ce a auna ba. Ran Talata ya tafi gwaji, ya shiga da gudu, babur ya cije tsakanin itatuwa kamar ƙashi a wuyan kare. Ya ɗaye ɓawon na dama, tafi guda ƙasa da shaidar. Awa biyu yana ja da baya. Ya dawo leɓe a fashe, ya ce itatuwan ne suka yi ƙiba.

PROKOPI: Itatuwan ne suka... Tamara! Zo ki ji! A'a, bar shi, na gaya miki anjima. To ai da sauƙi, Glasha. Ya mayar da tsofaffin.

GLAFIRA: Hm.

PROKOPI: Mene ne hm? Alo?

GLAFIRA: Ina ji. Ranar da zai cire su, notunan sun yi tsatsa, sun ƙi kwantuwa. Ya ɗauko injin yankan ƙarfe.

PROKOPI: Kar ki gaya mini.

GLAFIRA: Gunduwa-gunduwa. Suna cikin tsohon bahon wanki. Yevlampi ya ce ko walda ba za ta tashe su ba, ba zai yarda mutum ya hau daskararren kogi da su ba. Sababbi irin na da kuwa sai bayan sati biyu.

PROKOPI: Sai Mitrofan ya ƙara sati biyu a bukka. Ai ya fi son daji da ku.

GLAFIRA: Da wane magani? Na hawan jinin nan, ni na zuba masa a kwalba, na sati uku cif. Yau Juma'a zai haɗiyi na ƙarshe. Senya ne ya kai shi ya dawo da babur, a kan yau zai koma da magani da burodi da gishiri. Can babu waya. Mutum yana zaune bakin taga yana sauraron ƙarar inji. Ka san abin da likita ta ce bara da bakinsa ya karkace.

PROKOPI: Na sani. Babur ɗin Yevlampi fa?

GLAFIRA: Injinsa na kan teburin cin abinci tun kaka, matarsa a cinya take cin miya. Sauran mazan sun bi barewa tudu. Babur ɗaya ne a ƙauyen nan mai tashi, shi ne kuma ya yi wa hanya yawa.

PROKOPI: To shi gwanin me ya ce?

GLAFIRA: Wai zai sare guda. Na daman.

PROKOPI: Zai sare me?

GLAFIRA: Itacen Kaka! Da injin yankan itace. Wai minti biyar. Wai itace ne kawai, daji cike yake da su.

PROKOPI: Itacen da Mitrofan ke cire hula in zai wuce? Wanda aka kai Senyan kansa yana ɗan shekara bakwai aka ɗora hannunsa a kan shaidar?

GLAFIRA: Shi. Kuma ta nan zai dawo da ubansa, ya ga kututture. Abin da rashin magani bai yi ba, ido zai yi. Ko bai faɗi ba, na rantse ba zai ƙara kiran yaron nan ɗansa ba.

PROKOPI: Daga itatuwan zuwa bukka nawa ne?

GLAFIRA: Kilomita tara.

PROKOPI: Tara kacal? Ya ajiye jan zakaransa a nan, ya ɗaura katakon sulu na tafiya kan ƙanƙara a ƙafa, jaka a baya. Awa biyu da rabi ya isa. Ke kanki kin yi da cikinsa wata shida.

GLAFIRA: Na gaya masa. Ya ce shi bai kashe kwana biyu yana gyara ba don ya isa wurin ubansa a ƙasa kamar mai roƙo. So yake uban ya fito ya ga jan ƙarfe, ya ce madalla.

PROKOPI: Madalla! Ke kika lalata shi. Tun yana ƙarami, Senya kar ka ɗauki ruwa, Senya ga shayi da madara. Ga shi nan, kai kamar kabewa, faɗi babu komai ciki. Wane sakarai ne ma ya sa masa wannan tunani?

GLAFIRA: Kana so ka sani?

PROKOPI: Mai gemu mana.

GLAFIRA: Mai sanƙo ne. Ranar sabuwar shekara, a teburina, bayan kofi na huɗu, wa ya ce babur ɗin Mitrofan tsukakke ne kamar ƙugun tsohuwa? Wa ya ce a birni yara masu kai suna buɗe wa nasu ƙafa?

PROKOPI: Ni? Ni ban...

GLAFIRA: Har ka zana masa a bayan takardar alewa! Tana nan manne a bangon rumfa, ya buga mata ƙusa. Kawu ya ce, Kawu ya ce. Shekara talatin kana gyaran inji, kai ma da ka riƙe wa Mitrofan bakin igiya a kanti, ba ka tuna da itatuwa ba.

PROKOPI: Layin nan ba kyau, Glasha, ban ji...

GLAFIRA: Ka ji sarai. Kunnenka sai ya mutu in an zo kanka.

PROKOPI: To, hira ce ta tebur. Wa ya ce ya ɗauka? Yanzu ina yake?

GLAFIRA: Yana rumfa yana ɗaure kaya a tirela. Ba inda za shi. Makullin yana cikin takalmina, ina taka shi yanzu haka.

PROKOPI: Makulli? Haba Glasha. Irin wannan babur, waya ɗaya za ka zare a bayan makulli ka ja igiya, ya tashi. Kowane yaro ya sani.

GLAFIRA: Senya bai sani ba.

PROKOPI: E... to...

GLAFIRA: Yaya. Kar dai kai ka nuna masa.

PROKOPI: Yana ɗan sha biyar ne, ubansa ya ɓatar da...

GLAFIRA: Tir da kai! Tir! Tsaya. Yi shiru. Ka ji?

PROKOPI: Iska nake ji.

GLAFIRA: Inji ne. Ya tashi! Ga hayaƙi daga rumfarmu. Wayyo, ga shi ya fito, ƙafafu a buɗe kamar kwaɗo, ya kusa tafiya da ƙyauren. Injin yankan itace na ɗaure a bayansa cikin jakarsa.

PROKOPI: Sauka ki tare shi!

GLAFIRA: Ta gindin tudun nan zai bi kafin ya hau kogi. Yaya, ji nan, batir ya yi ja, sanyi na shanye shi. Injin yankan itacen nan babu sarƙa.

PROKOPI: Babu me?

GLAFIRA: Sarƙa! Na cire ta da asuba da na je ba saniya ciyawa, tana aljihuna. Bai buɗe jakar ba, ai ba ya duba komai. Gatari ma na ɓoye a cikin ciyawa. Katakon sulu na ubansa kuma na tura ƙarƙashin tamfol ɗin tirelar, tare da maganin.

PROKOPI: Kai! Ashe ke ce makanikin gidan. To shi ke nan, ya isa can, ya ga ba sara, ya taka.

GLAFIRA: In ya taka! In kuma zuciya ta ɗebe shi ya juyo gida neman sarƙa fa? Kilomita talatin da ɗaya zuwa, talatin da ɗaya dawowa, rana ta faɗi ƙarfe uku. Mitrofan ya wayi gari da kwalba wayam. In na ba shi sarƙar, magani ya isa yau, itace ya tafi. In na hana, sai abin da kansa ya ba shi, kai kuma ka ce kabewa ce.

PROKOPI: Saurara da kyau. Ki tsayar da shi, ki ce masa Kawu ya ce...

GLAFIRA: Kawu ya ce! Kawu ya ce ne ya kai mu nan!

PROKOPI: A'a, ji mana, ki ce... ba... ubansa... igiyar...

GLAFIRA: Me? Kana yankewa! Ya wuce gidan Yevlampi. Ya gan ni, yana ɗago mini hannu, sakaran, har da dariya. Hannuna na kan sarƙar. In ɗaga masa ko in bar shi ya wuce? Yaya? In ɗaga ko in bari? Alo? Al...