Hanyar Makara a Bayan Dogo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Allah ya ƙara girma. Manyan baƙi masu kula da aikin jirgin ƙasa, sannunku da hanya. Mai Unguwarmu ta Bayan Dogo, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam, da fastocin unguwa. Injiniya Sharfaddeen da mutanensa. Iyaye mata da ke zaune can baya, 'yan kasuwa da 'yan dako, masu keke da masu mashin, samari da 'yan mata. Duk wani babba da ban san sunan kujerarsa ba, kada ya ga kamar na tsallake shi, rashin sani ne. Ina gaishe ku gaba ɗaya.

Muryar da kuke ji ba tawa ba ce. Ta maƙwabciyata ce, Malama Elizabet, wadda ta koyar da yara a firamare har ta yi ritaya. Ni ce tsohuwar da ke zaune a gefenta, Halimatu, wadda unguwa ke kira Goggo Sadiya. Ban yi boko ba, ban taɓa tsayawa gaban maza na yi magana ba, abin maganar nan ma da ake kaiwa baki tsoronsa nake ji. Shi ya sa na zaunar da ita a ƙofar ɗakina, ina faɗa tana rubutawa. Ta ce, "Goggo, bari in gyara miki shi ya yi kama da na taro." Na ce, "Gaisuwar ki gyara, sauran ki bar mini yadda ya fito." Don haka in kun ji kuskure, nawa ne.

Na gode da aka kira mu. Na gode da aka ce talaka ma ya faɗi abin da ke ransa tun jirgi bai fara gudu ba. Na gode da aka ba mata kujera.

Magana ta farko, kada wani ya tashi daga nan ya ce tsohuwa ba ta son jirgi. Ina son shi. A cikinsa na shigo Gombe daga wajen Katsina ina da ƙuruciyata, na san daɗinsa, na kuma san abin da yake yi. 'Yata guda ɗaya da Allah ya ba ni, Bilkis, ko talla ba ta isa ɗauka ba ta bi akuyarta kan dogo. Lokacin babu shinge, babu mai tsaro, babu komai sai kukan jirgi daga nesa. Ba zan faɗi sauran ba. Tana can kwance a maƙabartar tsallaken dogo, ubanta ma ya bi ta can.

Daga baya jirgi ya daina zuwa, mutane suka manta da shi. Kan dogo mata suke shanya kuɓewa da barkono, kan dogo awaki suke kwanciya, kan dogo yara suke zama suna shan rake. Yaran unguwar nan kaf ba wanda ya taɓa jin ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, ba wanda ya san jirgi ba ya kaucewa. Saboda haka ranar da aka zo aka kafa shingen ƙarfe gefe da gefe, wasu suna ta mita an toshe musu hanyar kasuwa, ni kuwa ɗaki na shiga na yi wa masu aikin addu'a. Ku bar shingen nan. Ku ƙara masa tsawo ma in kuna so. Kada wata uwa ta sake jin abin da na ji.

Magana ta biyu ita ce ta kawo ni, ita ce kuma ta hana ni cin abinci da daɗi tun watan jiya.

Da aka rufe dogo, sai aka yi mana gada ta sama don mu riƙa tsallakawa. Gada ce mai kyau, ban ce ba ta da kyau ba. An shafa mata fenti, an yi mata rufi saboda rana da ruwa. Amma matakala ce a tsaye, ka hau, ka hau, sai ta yi kwana a ɗan matsattsen wuri, ka sake hawa. Mu tsofaffi tun ran nan muka haƙura da kasuwa, sai aike. Ba mu yi ƙorafi ba. Abin da ba mu tuna ba shi ne, gidajenmu da masallacinmu suna wannan gefen, maƙabartarmu tana wancan gefen.

Uwa mai daddawa ce ta fara rasuwa bayan an gama gadar. Waɗanda ba su san ta ba, aminiyata ce, katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Mace ce mai jiki, mai kunya, ko idon sawunta wani namiji bai taɓa gani ba. Takan tsokane ni ta ce, "Ke za ki riga ni tafiya, Sadiya, tsoron nan naki shi zai kashe ki." Ni kuma in ce, "Ke dai ki rage tuwo, ki tausaya wa masu ɗaukarki." Mu yi ta dariya.

Ni na yi mata wanka, muka sa mata likkafani, muka naɗe ta a tabarma. Aka sallace ta bayan azahar, maza suka ɗauki makara. Kun sani mu mata ba ma raka gawa, iyakarmu zaure. Amma gadar nan ta fi katangar kowa tsawo, duk macen da ta tsaya a tsakar gidanta tana hangen ta. Abin da matan unguwar nan ba su taɓa gani ba, ran nan mun gani da idonmu.

Da suka fara hawa, na gaba suka yi sama, na baya suka yi ƙasa, sai Uwa ta zame ta yi baya. Na bayan suka ɗaga hannu iya tsawonsu, suna haki, suna salati. Da ƙyar suka kai kwanar nan, sai makara ta ƙi juyawa, ta fi wurin tsawo. Su ɗaga ta sama, rufi ya tare. Su koma da baya, jama'a sun cika matakala. Masu dawowa daga kasuwa da kaya a ka suna tsaye a sama suna jira, suna kallo. Daga ƙarshe sai da aka kifa makarar ta gefe. Tabarma ta buɗe, ƙafarta ta fito a cikin farin yadi, a sararin Allah, unguwa duka tana gani. Ɗanta Shu'aibu ya saki inda yake riƙe, ya rungume ta da hannu biyu ya danne ta a jikin makara don kada ta faɗo. Wani dattijo ya kwance rawaninsa aka ɗaure ta kamar yadda ake ɗaure itace, sannan aka wuce.

Da suka dawo, Shu'aibu ya shigo wurina ya tsuguna, magidanci da furfura a gemu. Ya ce, "Goggo, tun da na girma ban taɓa rungumar Inna ba sai yau, a kan gada, mutane suna kallo."

Ban zo in kunyata kowa ba. Injiniya ya zo gaisuwar mutuwa da ƙafarsa, ya zauna a tabarma kamar kowa, mun gani, Allah ya saka masa. Mu da muke unguwar ma a gabanmu aka gina gadar nan, muna wucewa muna yi wa ma'aikata sannu da aiki, ba wanda ya tuna da makara, daga Mai Unguwa har Liman har ni. Kowa ƙafarsa yake aunawa da matakala, ba wanda ya auna ranar da wasu ne za su taka masa.

Tun daga ran nan ba a sake hawa gadar da gawa ba. Yanzu a-kori-kura ake nemowa, motar da ta ɗauki siminti da safe, ta ɗauki awaki da rana, a share bayanta a shimfiɗa mutum. Sai a zagaya ta titin Bolari, cikin hayaniyar tasha, masu keke suna ta hon. Mai mashin ya bi, marar mashin ya tsaya. Dattawan da suka yi salla sai ka gan su a ƙofar masallaci suna bin mota da ido har ta ɓace. A da kuwa, daga masallaci zuwa kabari, kowa sai ya sa kafaɗarsa, wannan ya karɓa, wancan ya karɓa, mai shago ya rufe shago ya biyo, wanda kuka yi faɗa da shi ma ya zo ya kama ƙafar makara ya yafe maka a hanya.

Jama'a, ni ba ni da ɗa. Ba ni da wa, ba ni da ƙane a garin nan. Ba ni da wanda zai rungume ni a kan gada in na zame, ba ni da wanda zai hau mashin ya bi mota saboda ni. Abin da na dogara da shi bayan Allah shi ne kafaɗun maƙwabta, kuma kafaɗun nan hanya suke bukata. Mutuwa ba ita nake tsoro ba, na daɗe ina jiranta. Hanyar nake tsoro. Ina tsoron a kifa ni, ina tsoron a ɗaure ni, ina tsoron a kai ni wajen 'yata da mijina babu kowa a bayana sai direba.

Malama Elizabet ta ce in ƙara da cewa su ma abin ya shafe su, don majami'arsu tana tsallake, akwatin gawa kuma ya fi makara faɗi. To kun ji, ba Musulmi kaɗai ke roƙo ba.

Magana ta uku, roƙo ne. Ni ban san aikin ƙarfe ba, ku kuka sani. Amma na ji an ce ana yin gada marar matakala, mai gangare a hankali kamar hawan tudu. In ana yi, ku yi mana ita, ku buɗe kwanarta yadda mutum a kwance zai juya da mutuncinsa. Inda makara ta wuce, keken gurgu zai wuce, kurar mai ruwa za ta wuce, mai ciki za ta wuce, ni ma da sandata sai in sake ganin kasuwa kafin in tafi. In kuwa ba ta yiwuwa, ku yi ƙofa a jikin shinge, ku sa mata mai tsaro wanda ya san lokacin jirgi, ya buɗe wa jana'iza ya rufe. Tashar da za ku yi mana kuma, kada ƙofar jirgi ta yi nisa da ƙasa yadda sai an jawo tsoho kamar buhu, irin na da. Ku sa wurin zama a inuwa. Abin da kuka rubuta a allo, ku sa a faɗe shi da baki, da Hausa da Fillanci, don mu da yawa ido gare mu amma ba ma gani.

Saura magana ɗaya. Da na faɗe ta Malama ta ajiye biro ta ce, "Goggo, wannan kam ba zan rubuta ba." Na ce sai ta rubuta, ai ba ita za ta kwanta ba.

Ranar da kuka gama gyara, kada ku jira wani ya mutu sannan a gane ko ta yi. Ku aro makarar masallaci ku gwada. Na san za a ce a ɗora buhun yashi, amma buhu ba zai gaya muku inda ya zame ba, ba zai gaya muku inda kansa ya yi ƙasa ba. Ku zo ku ɗauke ni. Zan yi alwala, in lulluɓa, in kwanta a ciki da raina, samarin unguwa su haye da ni su dawo da ni. Wallahi tsoro nake ji, ko kusa da makara ban taɓa yarda na zauna ba. Amma gara in ji tsoron nan yanzu da nake da bakin da zan ce ku tsaya, a gyara nan. Roƙona dai ku hanzarta, don ƙafafuna sun fara kumbura, ban sani ba ko zan jira ku.

Allah ya jiƙan Uwa, ya rufa mata asiri a can fiye da yadda muka iya rufa mata a nan. Allah ya jiƙan namu da naku da suka rigaya. Allah ya tsare yaranmu daga dogo, ya tsare matuƙan jirgi da masu shigarsa. Allah ya ba shugabanni ikon jin maganar marar ƙarfi, ya ba ma'aikata lafiya da sa'ar aiki. Allah ya zaunar da Gombe lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya sa mu cika da imani, ya ba kowannenmu masu ɗaukarsa.

Wassalamu alaikum. Na gode.