Guda Uku a Firiza

A ɗakin jira na wani asibitin dashen ciki a Kuala Lumpur, wata dattijuwa ta ji wata matashiya tana waya da Hausa. Tana ajiye wayar, dattijuwar ta matso.

"'Yata, na ji kina zancen sarƙa. Me za a sa a ciki?"

"Ƙwayayen haihuwar da aka haɗa mana ni da maigidana ne, Hajiya. Guda uku sun rage a firiza. Akwai masu busar da su, su rufe su cikin abin wuya."

"Subhanallahi! Ki rataya 'ya'ya a wuya? Gobe ƙanwarki ta zo aro, ta tafi biki da su? A binne su mana!"

"A ƙasar mutane? Jibi zan koma Kano."

"To a dasa miki su. Shekara tara 'yata tana nema, ko ɗaya ba a samu ba. Ku da Allah ya ba, ba ku san darajarsu ba."

"Makon jiya na fita takaba. Malamai sun ce tunda ya rasu, bai halatta a dasa mini ba."

"Allah ya jiƙansa. To yaran da ya bar miki ba su ishe ki tunawa da shi ba?"

"Waɗanne yara, Hajiya? Su ke nan."