Tabon Dutsen Barci

A ɗakin jiran likita a Marrakesh, Lalla Zubida sai jan gyale take yi tana rufe kumatunta. Dattijon da ke gefenta ya riga ya ga tabon.

"Baiwar Allah, yana miki ciwo?"

"Ko kaɗan. Kullum da shi nake tashi, alwala ma ba ta fitar da shi. Da tabo ciwon yayata ya fara, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Da dutse kike kwana?"

Ta juyo ta dube shi. "Wani mai ƙyalli da na saya a hanyar Warzazat. Nakan shafa masa man itacen argan, in yi addu'a, in ɗora kumatuna a kai."

"Ga turare, goga."

Ta goga. Tabon ya koma jikin gyale. Ta daɗe tana hamdala.

"Rini ne," in ji dattijon. "Mai arha ma. Namu ba ya zuba."

"Naku?"

Ya shiga gyaran rawani.

"Amma tun da na saye shi nake barci kamar jaririya," in ji ta.

"Barcin naki ne, Lalla. Mu launi kawai muke sayarwa."