Rabin Sa a Bayan Mota

Jinin nama na ɗiga daga bayan motar Darlene lokacin da ta faɗa shagon tsofaffin kayan wuta. Mai shagon ba ya nan, sai wani dattijo da ke zaman jira.

"Baiwar Allah, wa kika kashe?"

"Rabin sa ne, Baba, naman shekara guda! Duk kaka nake saya wurin manomi, ya fi araha. Sabuwar firizata ce ta mutu."

"Ina tsohuwar?"

"Ɗana ya ce ta cika shan wuta, na sayar."

"To, ai kin huta. Sabuwar yanzu ko ɗigo ba ta sha."

"Baba, nama na narkewa kana yi min tsiya?"

"Na da su ne kaya. In ta yi gardama, hauri ɗaya za ka yi mata ta kama aiki."

"Haka marigayi mijina Wendell yake yi. Tun da aka fitar da ita ban ƙara barcin kirki ba, gidan ya yi shiru da yawa."

Sai idonta ya kai lungu, kan wata koriyar firiza. Ta ruga ta shafa gefenta.

"Ita ce! Ga lotsawar takalminsa!"

Ƙofa ta buɗe, wani ƙato ya shigo da igiya a kafaɗa.

"Ina koriyar nan da na biya jiya?"

Darlene ta ɗare kan murfin, ta harɗe hannuwa.