Katin da Ya Ce Mu Biyu Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar kamfani da mataimakanta, shugabannin sassa da aka ce mini ku goma sha ɗaya ne, masu rubuta manhaja da masu gwada ta, ma'aikatan ofisoshin rajista da kuka zo daga nesa, iyayena maza da iyayena mata, yayyena, da Ummata da ke zaune can baya kusa da ƙofa, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Ku yi mini haƙuri idan kun ji muryata tana rawa. Ban taɓa tsayawa gaban mutane masu yawa haka ba, ko a aji ba na ɗaga hannu sai malami ya kira ni. Da kaina na rubuta wannan takarda, idan kun ji kuskure nawa ne. Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, kuma dalilin tsayawarsa shi ne abin da aka ce in zo in faɗa muku.

Ina godiya ga shugabar kamfani da ta gayyace ni. Ina godiya ga Anti mai rajista, wadda ba ta gaji da ganin fuskokinmu a bakin tagarta ba. Ina godiya ga Yaya Dogo mai rubuta manhaja, da Anti mai gwaji, waɗanda suka zauna da ni kamar wata babba.

Abu na farko, abin da ya same ni.

Mu 'yan biyu ne, ni da 'yar'uwata. Rana ɗaya aka haife mu, ubanmu ɗaya, gidanmu ɗaya, wayar da ke gidan ma ɗaya ce, ta Umma. Sunayenmu kuma harafi biyu ne kawai ya raba su. Bara muka gama firamare, muka ci jarrabawa mu duka, har na fi ta da maki huɗu, ko da yake ba ta son ana faɗa.

Muka tafi ofishin rajistar shiga sakandare, inda ake aiki da manhajar da kuka gina. Benci uku ne a ɗakin, da fanka ɗaya mai ƙara, da taga mai gilashi. 'Yar'uwata ta miƙa takardunta, aka shigar da ita, aka ba ta lamba. Na miƙa nawa. Anti ta buga, ta tsaya, ta sake bugawa, sannan ta ce, "Na'ura ta ce an riga an yi wa wannan yarinya rajista."

Umma ta ce, "Wace yarinyar? Ga su nan su biyu a gabanki, 'yar nan."

Anti ta ce, "Wallahi ina ganinsu, Mama. Amma ba ni ce ke gani ba, ita ce, kuma babu wurin da zan danna in gaya mata."

Anti ta rubuta ƙorafi, aka ba ƙorafin lamba, ni ba a ba ni ba. Sau biyar muna komawa, sau biyar ana cewa ana dubawa, har aka rufe rajista. Shekara guda na yi a gida. Kullum da safe ina riƙe wa 'yar'uwata jaka har bakin titi, in dawo in yi shara. Idan ta dawo sai ta ce, "Sannu da gida, kwafi," ta yi dariya, sannan ta buɗe littafinta ta koya mini abin da aka koya musu. Wata rana na ji tana kuka a bayan ɗaki, tana cewa ita ce ta cinye mini gurbi. Kuma an faɗa wa Umma cewa idan na sake rasa rajistar bana, shekaruna za su wuce na shiga aji ɗaya. Ke nan bana ce kaɗai ta rage mini.

Abu na biyu, yadda aka yi kuskuren, kamar yadda aka bayyana mini.

Na ɗauka wani mugu ne ya goge sunana. Ashe babu mugu ko ɗaya. An ce layi ɗaya ne a cikin wata takarda mai shafi ɗari biyu: kada a yi wa yaro ɗaya rajista sau biyu. Doka ce mai kyau, ni ma na yarda da ita. Sashe na farko suka rubuta ta, suka tura hawa na uku na benen kamfanin nan. Sashe na biyu suka karanta, suka yanke da kansu cewa idan ranar haihuwa ɗaya ce, uba ɗaya, waya ɗaya, suna kuma ya yi kama, to yaro ɗaya ne. Suka gina, suka tura hawa na biyar. Sashe na uku suka gwada, suka ga na'ura tana yin abin da aka rubuta daidai, suka sa hannu. Kowa ya yi aikinsa, kowa ya yi gaskiya, kowa ya tashi a kan lokaci. Amma wanda ya rubuta bai zauna da wanda ya gina ba, wanda ya gina bai zauna da wanda ya gwada ba, kuma dukansu babu wanda ya taɓa zama a bencin nan uku.

Abu na uku, sabuwar hanyar da kuka taru a kanta yau.

Wata biyar da suka wuce, Anti mai rajista ta kira wayar Umma. Ta ce sashen rajista na kamfanin nan sun fara wani sabon tsari. Kafin a rubuta komai a kwamfuta, mutum uku za su zauna a tebur ɗaya: mai amfani da manhaja, mai rubuta ta, da mai gwada ta. Ba doka za su rubuta ba, misali za su rubuta, na mutum na gaske, da maganar da kowa zai gane. An ce ta zo da misalai daga tagarta. Ta ce, "Ni ba zan zo da takarda ba, da ku zan zo."

Muka hau na'urar hawa bene, Umma ta riƙe ƙarfe da hannu biyu tana salati. Ɗakin da aka kai mu akwai farin allo da ƙananan katuna masu launi a manne a bango. Aka ce in ba da labari, na kasa, na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina. Sai Anti mai gwaji ta turo mini kati da alƙalami, ta ce, "Ƙanwata, bar labarin. Layi uku kawai za mu cike. Na farko ya fara da 'a ce', na biyu da 'idan', na uku da 'to'."

Ga abin da muka rubuta, na haddace shi:

A ce yara biyu ne, ranar haihuwa ɗaya, uba ɗaya, waya ɗaya, kuma an riga an yi wa ta farko rajista.
Idan ta biyu ta zo da tata takardar haihuwar,
To a karɓe ta, a ba ta lambarta ita kaɗai.

Yaya Dogo ya karanta, ya cire tabaransa, ya dafe kai. Ya ce, "Ni na rubuta wannan wurin da hannuna. Kuma ƙannen matata 'yan biyu ne, jiya ma tare muka ci abinci."

Anti mai gwaji ta ce, "To da ka tambaye su ko mutum ɗaya ne, ai da sun rage maka abincin."

Aka yi dariya, har ni. Sai bakin Umma ya buɗe, ita da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba. Ta ce, "To idan 'yan uku ne fa? Idan maraya ne da ke hannun kawunsa, wayarsu ɗaya da 'ya'yan gidan fa? Idan takardar haihuwar ta ɓace fa?" Duk tambayar da ta yi sai a ɗauko sabon kati. Kati ɗaya ya zama tara. Biyu daga ciki babu wanda ya san amsarsu, aka manna su gefe, aka ce sai an tambayi masu doka, ba za a yi hasashe ba.

Daga nan Anti mai gwaji ta shigar da katina cikin kwamfuta, kalma da kalma yadda muka rubuta, ta ce wa na'ura ta gwada. Layin ya fito ja. Ta ce, "Kin gani? Yau ta amsa laifinta." Bayan kwana takwas Yaya Dogo ya aiko da hoto wayar Umma, layin ya zama kore. An ce mini tun daga ranar, duk wanda ya taɓa wani abu a manhajar, ko daga wane sashe yake, sai na'ura ta sake karanta katin nan, idan ya koma ja aikinsa ba zai wuce ba.

Iyayena da yayyena, na ji an ce wasu sassa suna cewa wannan hanya tana cin lokaci. Gaskiya suka faɗa. Zamanmu awa biyu ya ɗauka, an yi kusan rabin awa ana gardama a kan kalma ɗaya, har na fara jin barci. Amma ku awa biyu kuka zauna, ni shekara guda na zauna.

Don haka ina da roƙo, kuma ba ni da ilimin da zan ba ku shawara, roƙo ne kawai. Ina roƙon ku rubuta katin kafin aiki, ba bayan an gama ba don shugabanni su gani, domin katin da aka rubuta bayan aiki ba zai faɗi komai ba sai abin da kuka riga kuka sani. Ina roƙon ku rubuta shi da maganar da Ummata za ta gane, domin idan ba ta gane ba, ba za ta iya ce muku kun manta da maraya ba. Ina roƙon ku riƙa kiran mutanen bakin taga, su ne suke kallon idon wanda aka hana. Ku ɗari huɗu ne a kamfanin nan, an ce, kuma ba za ku iya sanin dukanmu ba. Amma kowane sashe zai iya ajiye kujera ɗaya a teburinsa.

Na san kuna so ku ji ko kore a kwamfutarku kore ne a bakin taga. Ni ma ban yarda ba sai da na gani. Ranar Talatar nan aka buɗe rajista. Na miƙa takarduna. Anti mai rajista ta buga sunana, sai ta juyo da fuskar kwamfutar gaba ɗaya ta gilashin, ta ce, "Karanta da kanki." Na karanta lambata da ƙarfi, har mutanen layi suka juyo. Umma ta ce a buga mata takardar sau biyu, ɗaya za ta ɓoye.

Ranar Litinin zan shiga aji ɗaya. 'Yar'uwata tana aji biyu, kuma ta riga ta sanar da ni cewa a makaranta dole in riƙa ce mata Yaya. Shekarar da ta wuce ba za ta dawo ba, na sani, amma zan tafi, kuma duk 'yan biyun da za su zo bayana za su shiga aji rana ɗaya.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri. Allah ya sa albarka a hannuwanku da tunaninku, ya ba ku haƙurin zama da juna, ya ba ku kunnen sauraron wanda bai iya magana ba. Allah ya tsare ku daga kuskuren da zai zaunar da wani yaro a gida. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya. Ni kuma ku sa ni a addu'a, in kamo 'yar'uwata.

Na gode.