Wuƙar da Musbahu Ya Ƙera

Zuwaira: Alo... Salamu alaikum.

Baba Tahiru: Alo? Alo! Musbahu?

Zuwaira: Ni ce, Baba. Zuwaira.

Baba Tahiru: Wa? Ɗaga murya, rezon nan na Mirriya sai an hau tudu.

Zuwaira: Zuwaira ce, Baba.

Baba Tahiru: Af! Uwar Mansura! Amin, alaikumus salam. Yau surukata ce a kan waya? Ina wuni?

Zuwaira: Ni ya kamata in gaishe ku, Baba. Ina wuninku?

Baba Tahiru: Lafiya lau. Ya gida, ya yara?

Zuwaira: Da godiya.

Baba Tahiru: Ya Tamanrasat? An ce bana sanyinku ya wuce misali.

Zuwaira: Akwai sanyi, Baba. Ya jikin Inna Gwamma?

Baba Tahiru: Da sauƙi, ƙafar ce dai. Tana ciki tana ɓarar gyaɗa. Ina matata Mansura? Tana zuwa makarantar lekkol, ko har yanzu sai an kai ta da kuka?

Zuwaira: Tana zuwa.

Baba Tahiru: Madalla. Wace hayaniya nake ji haka a bayanki? Suna ake yi a gidan?

Zuwaira: Baƙi ne, Baba. Maƙwabta.

Baba Tahiru: To, a gaishe su. Ba ni mutumin, katin da na sa ba shi da yawa.

Zuwaira: Ba ya... ba ya kusa, Baba.

Baba Tahiru: Ya tafi shago kasuwar Asihar ya bar waya? Musbahu? To ai shi ya ce in kira shi yau Asabar in ji labarin wuƙa. Ke kin ga ya tsoma ta jiya?

Zuwaira: Na'am?

Baba Tahiru: Wuƙar da yake ƙerawa da sifirin mota. Waccan ta farko ai ruwa ya tsoma ta, ta tsage masa a hannu. Na ce masa ƙarfen mota ba ya son ruwa, ya nemi baƙin mai wurin masu gareji. Ya bar ta a wuta ta yi ja sosai, amma kada ta kai fari, sannan ya tsoma ta da baki, a tsaye, ba a kwance ba. In ta huce ya goge, ya mayar da ita gefen wuta har ta yi launin zuma. Kina jina?

Zuwaira: Ina jin ku.

Baba Tahiru: Ikon Allah! Yaron da na yi ta fama da shi ya zauna bakin zuga-zugi ya ƙi, ya ce shi fatauci zai yi, ba ya son baƙin hannu. Yau ga shi da furfura a gemu, ya je ƙasar Larabawa ya ga aikin Buzaye a kasuwa, sha'awa ta tashi. Kullum Juma'a in ya rufe shago sai maƙera. Yana kirana, Baba ya ake wannan, Baba ya ake wancan. Ran nan har masaba ya sa na kwatanta masa yadda ake riƙe ta, ta waya! Na yi dariya har Gwamma ta fito... Alo? Zuwaira?

Zuwaira: Ina nan, Baba.

Baba Tahiru: Mura kike yi?

Zuwaira: A'a.

Baba Tahiru: Muryarki ba daidai take ba. Faɗa kuka yi? In ya ɓata miki ki gaya mini, ban haifi wanda ya fi ƙarfina ba.

Zuwaira: Bai taɓa ɓata mini ba, Baba. Wallahi bai taɓa ba.

Baba Tahiru: To mene ne? Jandarma ne? Kwasar baƙi aka yi aka haɗa da shi?

Zuwaira: Ba kwasa ba ce. Baba... Yaya Sa'idu bai iso wurinku ba?

Baba Tahiru: Sa'idu? Me zai taso Sa'idu daga Damagaram yau, ya bar shagonsa? Ke ya aka yi kika san zai zo?

Zuwaira: An ce mini kada in ɗauki wayar nan sai ya iso wurinku. Na ga sunanku, na kasa barin ta tana kuka.

Baba Tahiru: Tsaya. Bari in fita daga zaure... To, ga ni a maƙera, ba kowa. Faɗa mini.

Zuwaira: Baba, Baban Mansura ya riga mu...

Baba Tahiru: Riga? Wace riga? Maganar tana yankewa. Alo!

Zuwaira: Ya rasu, Baba. Allah ya yi masa rasuwa. Jiya.

Baba Tahiru: Jiya...

Zuwaira: Alo? Baba? Kuna ji?

Baba Tahiru: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Musbahun?

Zuwaira: Shi, Baba.

Baba Tahiru: Nawa? Wanda muka yi magana da shi ranar Laraba?

Zuwaira: Ku yi haƙuri, Baba. Ku yafe mini, ba daga bakina ya kamata ku ji ba.

Baba Tahiru: Mota ce?

Zuwaira: A'a. A gida ne. A wurin aikin nasa.

Baba Tahiru: Wuta ta kama shi? Man ne ya tashi? Na ce masa ya tsaya nesa da...

Zuwaira: Wuta ba ta taɓa shi ba. Ko ƙuna babu a jikinsa. Da ya dawo masallacin Juma'a ya ci abinci, ya ce yau zai gama. Iska ake yi mai sanyi tun safe, irin mai shiga ƙashi. Da can a tsakar gida yake hura wutar, to maƙwabcinmu Balarabe ya yi ƙorafi, wai hayaƙi yana shiga wa tsohuwarsa ɗaki. Baban Mansura ba ya son rigima da mutanen gari, kun san mu baƙi ne a unguwar Tahaggart. Shi ne ya kwashe kayan ya mayar ƙaramin ɗakin da muke ajiya.

Baba Tahiru: Ɗaki? Mai rufi?

Zuwaira: E.

Baba Tahiru: Da taga?

Zuwaira: Akwai 'yar ƙarama. Ya toshe ta da kwali saboda iska.

Baba Tahiru: Ƙofar fa?

Zuwaira: Ya tura ta.

Baba Tahiru: Ya Salam. Ya Salam! Gawayi a ɗaki rufe... Zuwaira, bai gaya mini ba. Ni duk lokacin da yake magana rumfa nake gani a idona, irin wannan da nake ciki, iska ta shiga nan ta fita can. Wa ya taɓa yi wa maƙera ƙofa? Na gaya masa launin wuta, na gaya masa mai, na gaya masa komai. Ban tambaye shi inda yake zama ba.

Zuwaira: Kwana ne ya ƙare, Baba. Ni da nake gidan ma ban sani ba. Ina ɗaki ina yi wa Mansura kitso, ina jin bugun guduma, can na ji shiru. Na ce gogewa yake yi da magagari, ita ba ta da ƙara. Har na ji daɗi, na ce kaina zai huta. Sai da aka kira la'asar bai fito alwala ba na je na ƙwanƙwasa. Na tura, ƙofar ta ƙi, ashe kafaɗarsa ce ta tokare ta.

Baba Tahiru: Ya taso ke nan. Ya nufo ƙofa.

Zuwaira: Haka Illo ya ce. Illo na Maraɗi, wanda shagonsu yake jere a Asihar. Shi na kira, ya zo da mutane suka cire ƙofar. Suka sa shi a mota zuwa likita. Lokotoron ya duba, ya ce tun a gida ne.

Baba Tahiru: Ya sha wahala?

Zuwaira: Sun ce a'a. Wai jiri ne yake ɗaukar mutum, sai barci. Fuskarsa lafiya lau, Baba, kamar in an taɓa shi zai tashi.

Baba Tahiru: Allahu Akbar. An kai shi?

Zuwaira: Da safen nan. Ya samu jama'a. 'Yan Nijar na kasuwa duk sun rufe shaguna, 'yan gini sun baro aiki. Har wani tsohon Buzu maƙeri da yake sayen jan ƙarfe wurinsa ya zo. Maƙwabcin nan namu ma shi ya shiga kabari ya karɓe shi, yana ta kuka, yana cewa da ya sani da ya bar hayaƙin.

Baba Tahiru: Ki ce masa ba shi da laifi. Ki ce uban ne ya ce.

Zuwaira: Zan sa Illo ya gaya masa.

Baba Tahiru: Yarinyar fa?

Zuwaira: Tana wurin Kande, matar Illo. Ta tambaye ni me ya sa aka fitar da Abba ba takalmi.

Baba Tahiru: Kayya... Ke fa, 'yata? Kin sa wani abu a bakinki?

Zuwaira: Na sha ruwa.

Baba Tahiru: Ki ci abinci. Kina jina? Umarni ne. In kin gama takaba Sa'idu zai zo ya taho da ku. Nan gidanku ne, ke da ita, ba sai na faɗa ba.

Zuwaira: Allah ya saka da alheri, Baba. Baba... akwai abin da ban gaya wa kowa ba.

Baba Tahiru: Ina ji.

Zuwaira: Da suka fita da shi, na koma ɗakin don in kashe wutar. Na ga wuƙar a kan uwar maƙera, ya shimfiɗa mata tsumma. Na ɗauke. Tana nan cikin zanena tun jiya. Taku ce. Ya ce kada in gaya muku, wai in direban kamyon na Agadas zai sauka zai ba shi ya kawo, ku gani da idonku.

Baba Tahiru: Tawa? Ya ce mini wani mai lambu a Abalesa ne ya sa shi.

Zuwaira: Don kada ku gane ne.

Baba Tahiru: Ja'irin yaro... Ya gama ta?

Zuwaira: Saura ƙota. Ga ƙahon da ya yanka, da 'yan zobban tagulla, suna gefe bai sa ba.

Baba Tahiru: Fito da ita. Gaya mini abin da kike gani.

Zuwaira: Ta kai tsawon tafin hannu da rabi. Bakin yana sheƙi. Bayan baƙi ne.

Baba Tahiru: Ta miƙe? Ɗaga ta saitin idonki, ki duba ta tsawonta.

Zuwaira: Ta miƙe sak.

Baba Tahiru: Adon fa? Na ce masa ya tsaga hanya da kurfi, ya kwantar da zaren jan ƙarfe a ciki, ya bi da guduma a hankali. Ya zauna, ko ya tashi?

Zuwaira: Ya zauna. Layi biyu ne, suna tafiya suna harɗewa. A ƙarshe akwai wani abu kamar sawun kaza.

Baba Tahiru: Kamar me?

Zuwaira: Sawun kaza. Yatsu uku.

Baba Tahiru: Wannan shaidar gidanmu ce. Ita ce a kan duk fartanyar da ta fita daga rumfar nan tun zamanin kakana. Ban koya masa ita ba. Yana yaro yake ganinta, ashe ya riƙe.

Zuwaira: Baba, kada ku yi kuka. In kuka yi ni ba zan iya ba.

Baba Tahiru: Ba kuka nake ba. Saurara. Akwai huda a gindinta, inda ƙusar ƙota za ta shiga?

Zuwaira: Akwai.

Baba Tahiru: Zura zare ki rataye ta, kada hannunki ya taɓa ƙarfen. Ki samo cokalin shayi ki ɗan buga ta, kusa da wayar.

Zuwaira: Yanzu, Baba? Mutane suna...

Baba Tahiru: Yanzu. In da tsaga a ciki za ta yi ƙara a dakushe. Ina so in sani.

Zuwaira: To, bari in tsinke zaren gyalena... Ga shi. Kun ji?

Baba Tahiru: Wayar ta yi shuu. Sake.

Zuwaira: Yanzu fa?

Baba Tahiru: Shiru. Bar ta ta gama... Kin ji yadda ta ja? Kin ji ba ta yanke ba?

Zuwaira: Na ji. Har yanzu tana yi kaɗan-kaɗan.

Baba Tahiru: Babu tsaga. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Zuwaira, ɗana ya zama maƙeri.

Zuwaira: Da ya ji wannan daga bakinku...

Baba Tahiru: Kada ki ba direba. Kada kowa ya sa mata ƙota, ko Buzun nan. Ki haɗa da ƙahon da zobban ki taho da su a hannunki, ni zan ƙarasa... Ina zuwa, Gwamma! Ina zuwa!

Zuwaira: Inna ce?

Baba Tahiru: Ita ce. Ta leƙo, wai in Musbahu ne in ba ta su gaisa.

Zuwaira: Wayyo Allah. Me za ku ce mata?

Baba Tahiru: Ban sani ba. Tana tahowa da sandarta, kafin ta iso akwai ɗan lokaci. Sake buga mini, 'yata. Matso da ita sosai kusa da...

Zuwaira: Na buga, Baba. Kun ji? Baba? Alo... Alo?