Fankar Asibiti

Fanka ɗaya ce a ɗakin jiran asibitin, wani dattijo ya tsayar da kanta tana hura masa shi kaɗai. Wata mai goyo ta dube shi.

"Baba, sannu da adalci."

"Yauwa, 'yata. Tun safe nake nan."

"Mu kuwa yanzu muka faɗo daga sama. Ka bar ta ta juya mana, kowa ya samu daidai."

"Daidai daban, adalci daban. Mai zazzaɓi da ɗan rakiya ai ba ɗaya ba ne."

"Allah sarki. Me ke damunka?"

"Ni? Rakiya na yo."

Da aka kira matarsa ya miƙe, mai goyon ta yi wuf ta zauna a kujerarsa. Ya waiwayo.

"Ba za ki bar ta ta juya ba?"

"Ai ka gamsar da ni, Baba."